Kwanon Illiya Yana Fita Wayam

Talata, 13 ga watan Babbar Salla, ƙarfe goma na safe

Na sayi wannan kaye ne don in rubuta labarin soyayya nawa na kaina. Har na zaɓa wa jarumin suna, na ba shi saje da farar mota. To, jarumi ya dakata tukuna. Akwai wani a gidan nan da ya fi shi buƙatar a rubuta shi.

Mijina Illiya ya tashi yau da tambaya. Yana tsaye gaban madubi ba riga, ya kamo naman cikinsa da yatsu biyu kamar mai taya akuya a kasuwa. Ya ce, "Zulai, faɗa mini tsakaninki da Allah. In ci gaba da mas, ko in shiga sesh?"

Saboda wanda zai tsinci kayen nan bayan raina: mas shi ne mutum ya yi ta ci kamar rami, ya je ya ɗaga ƙarfe, ya kumbura. Sesh kuma shi ne ya ƙi ci, ya je ya ɗaga ƙarfen dai, har kitsen ya tsiyaye jijiyoyi su fito. A sha wahalar cika tulu, a sha wahalar zubarwa. Wani Zaharaddin ne ya koya musu, mai sal, gidan ɗaga ƙarfen nan na bayan tasha, inda ƙarti ke taruwa suna nishi a ƙarƙashin tsofaffin ƙarafan manyan motocin kamiyo. Koc suke ce masa.

Wata bakwai ina dafa mas. Ƙwai shida da safe, shinkafa da wake da rana, makaroni da sardin kafin sal, tuwo bayan sal. Ban yi ƙorafi ba, don ta biya ni. Zuwan Inna Tabawa na ƙarshe, uwarsa, ta saci kallon wuyansa ta ce wa bango, "Yarinyar nan tana da hannu." Shekara ɗaya da rabi da aurena, yabon da na taɓa samu daga bakinta ke nan.

Na ce masa, "Yadda ka gani, maigida."

Da can sheri nake ce masa, wato masoyi. Bai lura na daina ba.

Alhamis, 15 ga wata, bayan azahar

Sesh ta yi nasara. Wai nan da wata biyu akwai gasa a Yamai, inda maza ke shafa mai su tsaya a gaban jama'a da ɗan kamfai. Koc ya ce kilo casa'in da biyu ya yi yawa, tsokar tana nan amma a rufe take.

Ya dawo daga shagonsa na gyaran wayar portabul da wata ƴar balas ta awo mai aiki da pil, wato batir, faɗinta bai wuce faranti ba. Daga yau a kanta za a auna abincinsa. Shinkafa giram ɗari da hamsin. Nama ba kitse, ba mai, ba romo. Naman layyarmu da na yi kwana biyu ina soyawa har idona ya yi ja, ya ce guba ne.

Sannan ya sassauta murya: "Kada ki faɗa wa kowa. Ko Rukayya. Koc ya ce baki na ɓata sesh."

A littattafan da nake karantawa, idan miji ya sassauta murya ya ce kada ki faɗa wa kowa, makullin gida ne zai damƙa miki, ko sarƙar zinari.

Asabar, 17 ga wata, da la'asar

Ga inda gizo ke saƙar. Rukayya ƙanwarsa ce, ɗakinta na kallon nawa, madafarmu ɗaya. Ta san tiyar da nake aunawa, ta san kwanon yayanta mai murfi shuɗi, ta san yadda yake shiga a cike ya fito wayam. Kuma duk Juma'a tana kiran Inna a Adarbisanat ta ba ta labarin gidan nan tun daga kan kaji.

Jiya kwanon ya fito da kashi uku cikin huɗu. Ta ɗaga murfin da kanta, ta ce, "A'a, amarya, yau gishiri ne ya yi yawa ko hannun ne ya fara sanyi?"

Idan na rage awo, ta gani. Idan na zuba wa awakinta, ta gani. Idan na zubar, Allah ya gani.

Yau na rufe ƙofa. Na auna masa giram ɗinsa a kan balas, ya ci yana duban portabul. Sauran na cinye. Kwano ya fita wayam.

Lahadi, 18 ga wata, da hantsi

Na cinye.

Laraba, 21 ga wata, bayan la'asar

Ya samo mitar tela yana auna damtsensa. Santimita arba'in da ɗaya ya koma arba'in da rabi. Ya zauna bakin gado kamar wanda aka aiko wa saƙon rasuwa.

"Zulai, tsoka nake zubarwa, ba kitse ba. Anya ban yi gaggawa ba? Wani a bidiyo ya ce sai ka kai kilo ɗari kafin ka fara sesh. Amma Koc ya ce in na ƙara mas fata za ta saki. Ke me kika gani?"

Abin da na gani: namiji ɗan shekara ashirin da tara yana makokin rabin santimita.

Na ce, "Allah ya zaɓa mafi alheri."

Ya ce, "Amin, amma ke me kika gani?"

Ina tsakiyar wani littafi da na aro, inda jarumin ya rame saboda matarsa ta yi yaji kwana tara, ya kasa haɗiye ko ruwa. Na karanta shafin sau uku. Nawa mijin ma yana ramewa, alhamdu lillahi. Sai dai ba na cikin dalilan.

Juma'a, 23 ga wata, da safe

Jiya ya karye. Ya dawo daga sal, ya buɗe tukunyar suyar layya ya tsuguna a kanta. Ni kuwa har daɗi na ji. Yana taunawa yana cewa, "Mas ce daidai. Namiji da cika aka san shi."

Yau da asuba ya hau babbar balas ɗin da ya aro wurin Koc, ya sauka, ya sake hawa da ƙafa ɗaya ko za ta tausaya masa. Yanzu ya fita yana istigfari. Sesh ta dawo, kuma wai giram ɗari da ashirin ne daga yau, don ramuwa.

Ni kuma rabona ya ƙaru da giram talatin.

Litinin, 26 ga wata, ƙarfe uku na rana

Zafi kamar a bakin maƙera, ga hadari yana haɗowa ta gabas yana watsewa ba ko ɗigo. Na ci nawa abincin a tsakar gida tare da Rukayya, na shiga ɗaki na ci nasa. Na kwanta a kan siminti ina numfashi kamar tunkiya.

Rigar atamfata ta biki ba ta rufuwa a baya.

Da na fito ɗaukar ruwa Rukayya ta bi ni da ido daga sama har ƙasa, ta yi murmushi, ta faɗi wata magana. Ba zan rubuta ta ba. Ta ce za ta yi wa Inna albishir. Na ce kada ta yi. Ta ce, "Kunyar fari ce, mun san ta."

Alhamis, 29 ga wata, da safe

Ya zo, kamar kowane wata. Babu albishir. Shinkafa ce kawai.

Juma'a, 1 ga watan Cika-ciki, bayan sallar Juma'a

Kumatunsa sun faɗa, idanu sun shige ciki, wuyan da Inna ta yaba ya zama na zakara. Shi kuwa murna yake. Ya kira ni da gaggawa har na bar miya a wuta, ya nuna mini wata jijiya da ta fito a kafaɗarsa.

"Kin gan ta? Kin gan ta? Ba ta nan makon jiya!"

Na ce barka da arziki, Allah ya raya.

A masallaci wani dattijo ya riƙe hannunsa ya tambaye shi ko zazzaɓi ne. Mai nama ya ce wa Rukayya, "Yayanki lafiya kuwa? Ko amarya ta gaji da mu?" Duk unguwa ta ga ramarsa, kuma babu wanda ya tambayi ƙarfe. Miji ya yi ƙiba, a ce matar kirki. Miji ya rame, a dubi matar. Haka aka gada, kuma shi ya san haka, a ƙasar nan aka yi masa kaciya.

Lahadi, 3 ga wata, da la'asar

An fara jin gangunan bikin Biyanu daga tsohon gari. Inna za ta zo ranar Laraba, ta yi cika-ciki da mu.

Na same shi yana wanke balas ɗinsa da tsumma. Na ce, "Maigida, ko dai ka ci abinci na kwana huɗun nan, ko ka faɗa wa Inna gaskiya da bakinka."

Ya ce, "Kwana huɗu? Kin san abin da kwana huɗu zai yi wa aikin mako uku?"

Na ce, "To faɗa mata."

Ya yi dariya. "Ni da Inna? Yaushe muka taɓa hira?"

Gaskiyarsa, kuma ya san inda ya laɓe. Shi ɗan fari ne. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa a gaban mutane, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take cewa, ko "mai shagon". Tun yana goye haka take, kunyar ɗan fari. Duk abin da take son sani a kansa, wani take tambaya. Da Rukayya ce. Yanzu ni ce.

Ya ƙara da cewa, "Ke dai ki san dabarar da za ki yi. Ku mata ai kun iya."

Jarumi ke nan. Yana ɗaga kilo ɗari da ashirin daga ƙasa.

Laraba, 6 ga wata, bayan magariba

Ta iso da kar, motar hayar azahar, da ƙullin cuku da wutsiyar ragon layyarta a busashe, wadda ta ajiye don cika-ciki. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ɗago ni, ta dubi kumatuna, ta dubi ƙuguna, fuskarta ta saki. Ta ja Rukayya gefe, suka yi ƙus-ƙus. Rukayya ta girgiza kai, don ta riga ta ga wankina. Fuskar Inna ta koma yadda take.

Sai ga shi ya shigo da moto. Ya durƙusa daga nesa. Ta kau da kai kamar kullum, amma na ga idonta ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo.

Ya tashi ya shiga ɗaki. Sannan ta ce wa tabarma, "Ikon Allah. Gona ɗaya, ruwa ɗaya, wata shuka ta yi kore wata ta bushe."

Alhamis, 7 ga wata, da hantsi

Ta kira ni bayan ya fita.

"Zulaiha, mai shagon ciwo yake?"

"A'a, Inna."

"Abinci ne babu a gidan?"

"Akwai, Inna."

"Rukayya ta ce kwanonsa kullum wayam yake fitowa. Ke kuma ƙofa a rufe. To wa ke cinyewa?"

Na dubi ƙasa. Amsar gaskiya ita ce ni, kuma ita ce amsar da za ta kashe ni. Ya ce kada in faɗa, ni kuma an raine ni a kan cewa sirrin miji ba ya ƙetare bakin ƙofa. Littattafaina ma haka suke cewa: ki yi haƙuri, a shafi na ƙarshe zai gane darajarki ya zo yana kuka.

Ta ce, "Shirunki ya ishe ni. Ran Litinin ki haɗa kayanki, tare za mu koma Adarbisanat. Ki zauna wurina har kaka, ki koyi yadda ake ciyar da namiji kafin a ciyar da kai. Rukayya ta riƙa ba shi abinci. In iyayenki sun tambaya, ni zan faɗa musu dalili."

Har kaka. A tafi da ni a kar a gaban unguwa, a matsayin matar da ke cinye naman mijinta a bayan ƙofa. Wannan suna ko na mutu ba zai bar ni ba, har jikoki sai an yi musu gori da shi.

Alhamis ɗin dai, bayan la'asar

Na faɗa masa. Ya shafa gemu. Na ɗauka yanzu ne shafin ƙarshen.

Ya ce, "Har kaka… To ai Rukayya ba ta iya aiki da balas ba."

Juma'a, 8 ga wata, da azahar

Na ninke zannuwa huɗu na sa a jaka. Na fitar da su. Na mayar.

Asabar, 9 ga wata, da hantsi

Duk gidan muna azumin Tasu'a. Shi ya fi kowa farin ciki, yau yunwarsa da lada. Inna da kanta ta jiƙa wutsiyar, ta ɗora tukunya, ta tuƙa tuwon gero. Ba ta bar ni na taɓa ko muciya ba. Ta ce yau a tsakar gida kowa zai ci, a gabanta, ba a ɗaki ba. Yau ce ranar da ba a tashi sai ciki ya cika, wanda ya kwana da yunwa ya ja wa kansa yunwar shekara.

Ya raɗa mini a zaure: "Ki ce cikina ke ciwo."

Na ɗauki buta na wuce.

Lahadi, 10 ga wata, da safe

Zan rubuta shi daki-daki, don kada wata rana in yi wa kaina ƙarya.

Bayan an sha ruwa an yi magariba, Inna ta shimfiɗa tabarma biyu. Ta cika kwano mai murfi shuɗi da tuwo, ta kwarara miya, man wutsiya yana yawo a sama. Ta tura wa Rukayya, Rukayya ta tura masa. Ya gutsiri loma biyu daga gefen da ba mai, ya ce alhamdu lillahi, ya fara neman buta.

Inna ta ce wa tukunya, "A tambayi wancan ko tuwon nawa ma ba ya ciyuwa."

Ya dube ni. Wallahi ni ya duba, da idon nan na "ki san dabara".

Na tashi na shiga ɗaki. Na ɗauko balas na ajiye a tsakiyar tabarma, na danna, ta yi ƙara ta kawo wuta. Na ɗora faranti. Na yanki tuwon Inna na ɗora, ya wuce, na rage da cokali, ya gaza, na ƙara ɗan kaɗan, har lamba ta tsaya a ɗari da ashirin. Na tsamo nama guda, na matse man da tsumma kamar yadda ya koya mini. Na durƙusa na ajiye a gabansa.

Na ce, "Ga rabonka, maigida, yadda Koc ya ce. Sauran a miƙo mini in shiga ɗaki da shi, kamar kullum."

Ban faɗi sirrin miji ba. Aiki na yi, aikin da nake yi sau uku a rana.

Rukayya ta toshe baki da mayafi. Daga tsohon gari ana ta kiɗa.

Inna ta daɗe tana duban farantin. Ta ce, "Zulaiha, wane ne Koc? Likita ne?"

"A'a, Inna. Mai ƙarafa ne a bayan tasha."

"Shi ya hana shi ci?"

"Wai don jijiya ta fito, a je Yamai a nuna."

"A nuna wa wa?"

"Maza, Inna."

Sai ta juya. Ta dube shi a fuska, sosai, abin da Rukayya ta ce ba ta taɓa gani ba tun da aka haife ta. Ta ture farantin da bayan hannu, ta jawo kwano mai murfi shuɗi ta dangwarar a gabansa.

Ta ce, "Illiya. Ci."

Shekara ashirin da tara ba ta furta sunan nan ba. Muryarta ta ɗan karye a tsakiyarsa, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

Ya ci. Ya ci tuwon, ya ci wutsiyar, ya suɗe man, hawaye na sauka cikin miya. Ban san ko na uwarsa ba ne ko na jijiyar kafaɗa. Ta ƙara masa, ya cinye. Ni kuwa na ci loma biyar na ƙoshi, rabon da in tashi daga abinci da sauƙin numfashi tun watan jiya.

Litinin, 11 ga wata, da hantsi

Mun raka ta tasha. Jakata tana ƙarƙashin gado, ba ta tambaya ba, ban tuna mata ba. Balas tana cikin ƙullinta inda cuku ya fito. Ta ce za ta ba mai shayin bakin hanya ya riƙa ɗora kofi.

Ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma sa rai ba. Da za ta hau kar ta riƙe hannuna ta ce, "Ke kuma ki daina cinye kunyar wani. Ba ta narkewa."

Da shi ba ta yi sallama ba. Ta ce wa tayar mota, "A gaya wa wancan ya riƙa gaida mutane."

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Yana gaban madubi. Jijiyar ta ɓace. Ya kamo cikinsa da yatsu biyu.

"Zulai, tunda sesh ɗin ta riga ta lalace, in koma mas ne gaba ɗaya in bar gasar sai baɗi? Ko in daure in sake farawa? Ke me kika gani?"

Na ce, "Ka kira Inna. Ai yanzu ta san sunanka."

Na kawo masa abinci yadda na saba aunawa da tiya. Ya ci rabi, ya tsaya yana lissafi da yatsu, ya turo mini sauran ba tare da ya dube ni ba.

Na ɗauki kwanon na kai tsakar gida, na ajiye a ƙofar madafa, murfin a gefe. Rukayya ta leƙa ciki, ta ɗaga kai ta dubi ɗakinmu, ta ƙwala kira: "Yaya!"

Na dawo na buɗe sabon shafi. Jarumin nan mai saje yana jirana tun watan jiya. Na fasa ba shi faɗin ƙirji.